Murfin Tankin Baba Rewaya

Ranar da Iya Eleja ta shiga ɗakin Baba Rewaya da kwanonta mai zanen fure, a ranar ne gaba ta ƙullu a gidan hayar nan na unguwar Oke-Ado. Duk wanda ya ce maka tsohon ne ya fara tsokana, ƙarya yake yi, bai san yadda aka yi ba.

Akanmu Ladosu ne sunansa na yanka. Amma mutumin da ya shekara talatin da takwas yana naɗa wayar injin niƙa da ta fanka a cikin Ibadan, wa zai tsaya kiransa Akanmu? Baba Rewaya kowa ke cewa, har limamin masallacinsu. Ya bar shago tun da idonsa ya fara rauni. 'Ya'yansa suna Legas, matarsa Oyinkan kuma ta rasu damina biyu da suka wuce. Abin da ta bar masa a falo shi ne keken ɗinkinta, da tankin gilashi mai tsawon kamu huɗu, da kifin oska biyu da ta sayo suna kamar babban yatsa, ta rene su shekara tara har kowanne ya fi tafin hannu. Namijin mai ɗaure fuska ta sa masa Alaga. Macen kuwa Sisi, mai wani jan ɗigo a gindin wutsiya kamar an ɗiga mata manja. Idan Oyinkan ta ƙwanƙwasa gilashi da farce sau uku, Sisi ce ke tahowa. Bayan rasuwarta Baba ya gwada. Wata guda cur yana ƙwanƙwasawa, sau uku ya tsaya, sau uku ya tsaya, kafin Sisi ta yarda ta zo masa. Ranar da ta zo, tsoho ya zauna daɓas a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Ƙofar da ke kallon tasa ta Fadeke ce, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Oje, wadda kowa ke kira Iya Eleja saboda sana'arta. Mijinta ɗan sanda ne, ya rasu, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Sai wani ƙaton jan muzuru mai yagaggen kunne da 'yar ƙararrawa a wuya, wanda ta laƙaba wa muƙamin marigayin. Kofur. Goya shi ne kawai ba ta yi, shi ma don ya ƙi ne.

A nan dole a faɗi gaskiya: murfin tankin nan na banza ne. Wata 'yar roba ce siririya da doguwar fitila maƙale a jikinta, wayarta a waje tana lilo. Baba ya san na banza ne, ko yaron da ya yi sati ɗaya a shagonsa ba zai bar shi haka ba. Amma Oyinkan ce ta sayo shi, ta ɗora da hannunta, shi ya sa ya kasa taɓawa.

Wata Juma'a ya tafi masallaci ya bar taga a buɗe. Ya dawo ya tarar murfi ya rabe biyu, fitila tsundum cikin ruwa. Allah ya taimaka babu wuta a ranar. Alaga ya maƙale bayan dutse yana haki. Sisi kuwa babu ita, sai jiƙaƙƙen sawu daga tebur zuwa taga. Ya duba ƙarƙashin kujera, ya duba kwata, ya zaga bayan gida yana leƙa cikin ciyawa kamar mahaukaci. Bai ga komai ba.

Washegari da azahar sai ga Iya Eleja da kwano a rufe.

"Baba Rewaya, sannu da gida. Ga ɗan abin taɓawa, kada a ce maƙwabciyarka ba ta san ya kamata ba."

Amala ce da miyar ganye, tana ta turiri. Tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Ya yi godiya, ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Sai ya juya yankan kifin da yatsa. Hayaƙi ya dafe fatar, manja ya rufe ta, amma jan ɗigon nan na gindin wutsiya yana nan.

"Iya, wannan kifin daga ina?"

"Naka ne mana! A bakin Kofur na ƙwato shi jiya, ɗan banzan har ya cinye kan. Na ce kifi mai tsoka haka a bar wa ƙuda? Ai zunubi ne. Na gyara shi tas, na sa shi a banda ya kwana. Wutsiyar ma na zaɓa maka, ita ta fi mai."

Kai, jama'a! Abin da ya fi cin rai shi ne matar nan ba da mugunta ta yi ba. Tsaye take tana murmushi, tana jiran a yaba mata miya. Baba ya miƙe, ya fita da gudu, ya durƙusa a bakin kwata ya amayar da lomar nan biyu, ya ci gaba da kakari bayan babu abin da ya rage. Hawaye na zuba, masu haya suna leƙowa daga ƙofofinsu. Ita kuma ta biyo shi tana tafa hannu.

"Haba Baba, kifi ne fa! Kifi! Ni da nake farke cikin ɗari biyu kullum, da kuka nake yi wa kowanne ai da idona ya tsiyaye. Suna nan cike da kasuwa, ka sayo wani."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama.

Baba ya koma ɗaki ya binne sauran Sisi a cikin tukunyar furen Oyinkan. Ya wanke kwanon nan tas ya ɗora a kan kabad. A garin nan ba a mayar wa maƙwabci da kwano wayam, shi kuma bai samo abin da zai zuba mata a ciki ba tukuna. Yana tsaye gaban tanki, Alaga na kallonsa, ya yi rantsuwa a ransa: sai matar nan ta tsaya a bakin ƙofarsa tana kuka a kan dabba, kamar yadda ya durƙusa ya yi, kuma sai ya gaya mata abin da ta gaya masa.

Dabarar farko da ta zo masa ita ce wadda za ta zo wa duk mai sana'ar wuta idan zuciya ta rufe masa ido. Ya samo ragar ƙarfe wajen mai walda, ya ɗora ta a kan tankin, ya ja mata waya daga soket. Yadda ya haɗa ba zan faɗa ba, ba abin koyi ba ne. Ya dai san abin da yake yi, ya kuma san muzurun da ya taka ragar nan ba zai sake taka komai ba. Ya ajiye kan kifi a tsakiya, ya buɗe taga, ya kunna soket, ya ja kujera ya zauna.

Ashe kafin ya kunna an riga an ɗauke wuta. Kwana uku babu ko ƙyaftawa, Baba na sauya kan kifi kullum yana korar Kofur da tsintsiya, don kada ya cinye koto a banza.

To, akwai wata ɗabi'a da duk wanda ya koyi aiki a hannun Oga Fatoki, maigidan Baba na farko, ya tashi da ita. Duk aikin da aka gama, da zarar wuta ta shiga cikinsa karo na farko, wanda ya yi aikin shi zai fara taɓawa kafin mai kaya. Kuma da bayan hannu, domin in ta kama ka hannu ya finciko kansa, ba ya damƙewa. Oga Fatoki da bulalar waya yake koyar da wannan. Baba ya yi haka sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, yakan faɗa a shago, ya faɗa a gidan suna, ya faɗa ko ba a tambaye shi ba: shekara talatin da takwas, aikinsa bai taɓa jan kowa ba.

Rana ta huɗu da la'asar yana zaune ƙafa ba takalmi, sai ya ji ƙararrawa. Kofur ya hau taga, ya zauna yana lasar hannu, ido a kan koto. Daidai nan unguwa ta ɗauki ihu, an kawo wuta. Fankar silin ta yi ƙara ta fara juyawa.

Baba bai yi tunani ba. Wallahi bai yi ba. Wuta ta shiga sabon aiki, jiki ya miƙe da kansa, ya yi taku uku, bayan hannun dama ya sauka a kan raga.

Ƙarar faɗuwarsa har bakin titi aka ji. Wutar ta yi jifa da shi ya bugi keken ɗinki, ya zube. Da ya farfaɗo, kansa na kan cinyar Iya Eleja, tana ɗura masa madarar gwangwani tana kiran sunan Yesu. Ita ce ta fara shigowa, ta doke filogin da muciyar amala. Ɗaki ya cika da mutane. Kofur kuwa, da yake an cire wuta, ya sauko a natse ya hau ragar ya zauna yana cin kan kifinsa.

Iya Eleja ta dubi muzurun. Ta dubi wayar da ta taso daga soket zuwa raga. Ta dubi tsoho.

"Baba Rewaya. Wa ka ɗana wa wannan?"

Baba ya kau da kai.

Da ta yi zagi, da ta kira 'yan sanda, da ya fi masa sauƙi. Dariya ta yi. Ta yi dariya har ta dafa ƙofa, ɗankwali ya zame, tana share ido da gefen zane. "Ku zo ku gani! Injiniya ya ɗana wa Kofur tarko, tarko ya kama injiniya! Kofur, ka gode wa Baba, ya ɗanɗana maka kafin ka ci!"

Kafin azahar ta washegari labari ya gama kasuwar Oje. A masallaci mutanen da suka yi shekaru suna rusuna masa suka riƙa tambaya da fuskar tausayi, "Baba, ya hannu?" suna danne dariya. Maganar shekara talatin da takwas ta mutu murus. Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. Da ya zo cire ragar, ya ga wani silin ƙarfe ya lanƙwaso ƙasa, tsakaninsa da ruwa bai kai faɗin yatsa ba. Saura ƙiris ya haɗa da Alaga.

Kwana biyar yana kwance a doguwar kujera, hannu a ɗaure, tanki rufe da ƙyauren kabad da ya danne da dutsen niƙa. Ruwan Yuli ya tsinke, irin mai yini yana yayyafi, sanyi har cikin ƙashi. Kofur ya riga ya raina shi, shigowa yake kai tsaye. Baba na kallonsa da ido mai cike da ƙiyayya. A rana ta uku ne ya lura da wani abu. Muzurun ba tanki yake fara nufa ba. Bayan firji yake zuwa, ya haye kan na'urar daidaita wuta, ya naɗe a kan ɗuminta. In an ɗauke wuta ta huce, sai ya tashi ya tafi. Baba ya tuna sau nawa ya je gyara a gidan niƙa ya tarar da kyanwa kwance a kan injin da aka kashe bai huce ba. Ya tuna ɗakin Iya Eleja, wanda rufinsa ke yoyo, ita kuma tana kasuwa tun safe har magariba.

Ya yi murmushin farko tun ranar Juma'ar nan. Murmushin bai da kyan gani.

Ya aika aka kira masa Gbadebo kafinta, sa'ansa ne, tare suka yi samartaka. Gbadebo ya shigo yana tsalle-tsalle da gangan.

"Ina zan taka, mutumina? Ka faɗa mini inda babu wuta, ina da jikoki."

"Zauna, tsohon banza. Murfi nake so."

Ya miƙa masa zane a bayan kalanda. Gbadebo ya nisanta takardar daga idonsa ya karanta, ya sake karantawa.

"Katakon iroko? Mai kaurin yatsa biyu? Akanmu, murfin kifi kake so ko ƙofar kurkuku?"

"Kuma ba a kan gilashi zai zauna ba. Ƙafa huɗu za ka yi masa su sauka kan tebur, su rungume tankin. Ko akuya ce ta hau, kada gilashi ya ji nauyi. Gaba ya buɗe da hinji biyu, ka sa sakatar tagulla irin wadda sai an ɗaga kafin a ja. Ramukan iska a baya, kada ko ɗaya ya wuce kaurin fensir."

"Wannan murabba'in na tsakiya fa?"

"Taga ce. Gilashi mai kauri za a sa, irin na kan tebur."

"Wa zai leƙa ta sama? Kai da ko kan kujera ba ka iya hawa?"

"Mai leƙawa zai zo."

Gbadebo ya nuna wani ɗan akwati da aka zana a gefen tagar, an rubuta tsawonsa da faɗinsa. Baba ya ciro igiya mai ƙulli biyu daga aljihu. Da ita ya auna Kofur yana barci. Gbadebo ya dube shi ya daɗe.

"Ka rantse mini babu abin kisa a ciki. In akwai, nemi wani kafinta."

"Ko sauro ba zai mutu a kansa ba. Na rantse da kabarin Oyinkan."

"To me kake ƙullawa?"

"Yi aikinka."

Sati biyu suka yi. Gbadebo ya gama nasa, suka ɗora jarkar ruwa babba a kan murfin ta yini ta kwana, ko ƙara bai yi ba. Sannan Baba ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ya shiga nasa aikin, kuma tun da yake bai taɓa yin aiki mai tsabtar wannan ba. Ya cire soket daga ƙasa ya mayar da shi sama kusa da silin. Wutar gida ya tsayar da ita can a bango cikin akwati mai makulli, abin da ke saukowa tanki bai wuce ƙarfin batirin mota ba, ko da harshe ka taɓa sai dai ka ji tsami. Fitilar ya rufe ta cikin bututu, ya toshe bakinsa biyu da gam ɗin gilashi. Kowace waya ya zura ta cikin bututun roba mai tauri ya ɗaure a bango, babu inda haƙori ko farce zai samu. Inda waya ta fito daga tanki ya lanƙwasa ta ƙasa kafin ta hau, don ɗigon ruwan da ya biyo ta ya faɗi a siminti. Ya kafa sandar tagulla a bayan taga ya ja mata wayar da ke zubar da wuta a ƙasa, ya ƙara da makunnin da ke yankewa da kansa in wuta ta yi yoyo. Ya ajiye tsohon batirin mota a ƙarƙashin tebur saboda ranar da aka ɗauke.

Daga ƙarshe ya zauna ya naɗa wata 'yar waya da hannunsa, zagaye bayan zagaye, yana lissafi da leɓe. Ya rufe ta tsakanin tayil biyu a cikin ɗan akwatin nan. Ɗuminta bai wuce na cikin kaza mai kwanci ba, kuma ko da wuta ko babu, ba ya yankewa. Ya shimfiɗa tsohon tawul a kai.

Da ya kunna, ya cire takalmi, ya tsoma hannu a ruwa, ya bi murfin nan da bayan hannu lungu-lungu, sakata, hinji, kowace ƙusa. Babu komai. Ya ɗauko kwanon mai zanen fure daga kan kabad, ya zuba kan kifin da ya sayo a kasuwar Bodija, ba wajenta ba, ya ajiye a ƙasan tebur. Ya buɗe taga.

Kofur ya zo a rana ta farko. Ya ci, ya hau murfi, ya shinshina sakata, ya kai mata hannu sau biyu ya gane ba ta buɗuwa. Ya taka tawul, ya tsaya cak. Ya zaga sau uku ya kwanta. Daga inda yake kwance, in ya miƙa wuya kaɗan, ga Alaga a ƙarƙashinsa yana yawo cikin haske. Ya kai farce, farce ya zame a gilashi. Ya ɗora haɓa a gefen tagar ya zuba ido, bai motsa ba har magariba.

"Ci, ɗan ɓarawo," in ji Baba washegari, yana tura masa kwano da ƙafa. "Ci ka ƙoshi, la'ananne."

Ranar da ya fara shafa shi, sai da ƙyama ta kama shi. Wannan bakin ne ya cinye kan Sisi. Ya daure, ya sosa masa bayan yagaggen kunnen nan, muzuru ya lumshe ido ya fara gurnani. Ya kwance ƙararrawar wuyansa, don tana razana Alaga, ya jefa a aljihun tebur.

Da farko Iya Eleja abin dariya ta ɗauke shi. "Kofur ya samu otal!" take cewa a baranda. "Baba ya tuba, ya zama mai reno!" In ta dawo daga kasuwa sai ta shigo ta sungume shi ta tafi. Kafin ta gama ɗora tukunya ya sulale ta taga ya dawo. Ta kulle shi a ɗaki ta tafi kasuwa, ya yini yana ihu, ya yayyaga labule, ya yi mata kashi a kan gado, har mai gidan hayar ya yi magana. Ta riƙa kawo masa kifin da ko manyan masu sayenta ba ta ba su, ya shinshina ya ɗan lasa, ya tsallaka baranda. Dariyar ta ragu. Daga baya ta daina shigowa, sai ta tsaya a ƙofarta tana kiransa ƙasa-ƙasa don kada masu haya su ji. Baba na ji. Yana zaune a kujerarsa yana jin kowane kira, kuma kowane ɗaya daɗi yake yi masa, ba zan ɓoye ba.

Ranar Lahadi ta huɗu da kafa sabon murfin, bayan an taso daga coci, ta zo bakin ƙofarsa cikin farar rigarta ta ibada. Ta rame, idonta ya faɗa. Ana yayyafi. Kofur na kwance a kan tawul, haɓa a gefen gilashi.

"Kofur," ta ce. "Zo mu tafi gida. Zo, maigidana."

Muzuru ya juyo ya dube ta kamar yadda ake duban mai tallan da ba a kira ba, ya mayar da kai.

Ta sake kira. Muryarta ta karye a tsakiya. Masu haya sun fara leƙowa, su ɗin dai na ranar nan.

"Baba Rewaya, don girman Allah ka kore shi. Ka rufe tagarka sati ɗaya kawai, zai manta. Ka ga in na rufe ƙofa, shi kaɗai nake yi wa magana. Shekara bakwai. Tun ranar da aka binne mijina, shi ke kwana a ƙafata." Ta kai gefen riga ido, hawaye ya riga ta. Ta durƙusa a kan simintin baranda, mace mai shekara sittin, ta fashe da kuka sosai.

Baba ya tashi a hankali. Watanni biyu yana tauna maganar nan, ya san inda zai ɗaga murya da inda zai sauke.

"Haba Iya, muzuru ne fa. Muzuru! Suna nan cike da kasuwa, ki samo wani."

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya sunkuya ya ɗauki kwanon daga ƙasan tebur, ya wanke shi a bokiti, ya goge da tsumma. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko 'yar ƙararrawar da igiyarta, ya sa a ciki, ya rufe, ya miƙa mata da hannu biyu yadda ake yi.

"Ga kwanonki. Na daɗe da shi, ki yi haƙuri. Na gode da miya."

Ta buɗe, ta gani. Ta dube shi. Ta tashi ta tsallaka baranda, ƙararrawar na kaɗawa cikin kwano, ta shiga ta rufe ƙofa.

Baba ya koma kujerarsa ya miƙe ƙafa. Abin da ya rantse a kai ya samu, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Ya jira daɗin ya gama ratsa shi.

Can wajen la'asar sai ya ji ta. Ta bayan ƙofar da ke kallon tasa, ana kaɗa ƙararrawa a hankali. Sau uku, a tsaya. Sau uku, a tsaya. Kofur ya ɗaga yagaggen kunnensa, ya saurara, ya mayar da haɓa kan gilashi. Baba ya san wannan kiran. Wata guda ya yi yana yin irinsa da farce, ya san yadda mutum ke riƙe numfashi a tsakanin ukun farko da na biyu.

Ya miƙe. Ya tsaya gaban tanki, hannunsa a kan bayan muzurun, ɗumi na ratsa tafinsa. Ɗaukarsa ba wuya, barandar taku huɗu ce. Idonsa ya sauka a kan tukunyar furen Oyinkan.

Ya janye hannu. Ya taɓa sakata ya tabbatar a rufe take, ya tura ƙofar ɗakinsa, ya kunna rediyo ya ƙure sautin. Duk da haka yana jin ta.